Gida Mai Ɗaki Tara

A Hull, a benen da ke saman shagon wanki,
inda iskar Humber ke kutsowa ta ƙasan ƙofa da warin gishiri,
ina da kwamfuta ɗaya da na yanka gida-gida.
Kowane ɗaki kwamfuta ce a cikin kwamfuta,
ba ya jin ko tarin maƙwabcinsa.

Baƙin ɗaki na amanar mutane ne.
Ni tafinta ne. Abin da mai neman mafaka ya faɗa wa lauya
da muryar da ba ta son fitowa,
sunan ƙauyensa, sunan matar da ta ɓoye shi kwana shida,
duk suna can, ba wayar da ta kai gare su.
Jan ɗaki na baƙo ne. Can nake buɗe wasiƙar da ban yarda da ita ba,
in na gama, in rushe shi har tubali.

Suwaiba, shekara goma sha biyu, ba ruwanta.
Tseren mota take so, ran Juma'a bayan isha'i,
ita da Tegan ta Hessle Road.
Na gina mata ɗaki na tara, na shafa masa ruwan ɗorawa,
na ce bisimilla.

Motar ta tashi kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.
Hoto goma sha ɗaya a daƙiƙa, na ƙirga.
Ta murɗa hagu, mota na tunani,
kafin ta yanke shawara bango ya iso.
Ƙarar karon ma sai daga baya ta zo,
kamar gaisuwar mutuwa bayan arba'in.
Fanka na huci, Tegan na dariya a cikin kunnenta.

"Baba, kwamfutarka tsoro take ji."
Na ce ba tsoro ba ne, kowane saƙo sai ya tsaya a zaure
an tambaye shi daga ina, wurin wa.
Ta ce, "To ni tsere nake, ba zumunci na zo ba."

Taura biyu ba ta taunuwa, na sani,
amma uba ba ya jin karin magana in 'yarsa ta yi shiru.
Na hau bas zuwa Beverley cikin yayyafi,
na ba wani tsoho fam arba'in da biyar,
ya miƙo katin hoto a ledar burodi.

Dare uku ina lallashin katin ya zauna a ɗaki ɗaya,
ya manta akwai sauran gida.
Daren farko, baƙin allo.
Na biyu, baƙin allo da ƙugi.
Shayi ya huce sau nawa, ban ƙirga ba.
Na uku, wajen ƙarfe biyu, titi ya bayyana,
sumul, sittin a daƙiƙa,
har ganyen bishiyar gefen hanya na motsi.

Ban yi murna nan da nan ba.
Na san abin da na yi, taga na fasa a katanga.
Ƙarama ce, na auna, na sake aunawa,
amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga,
kuma sunan matar nan na kwance ɗaki biyu daga nan.

Da asuba na kwashe baƙin ɗaki kaf
na mai da shi tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin gado,
mai karyayyen maɓalli, wadda ba ta gudu, ba ta gaisawa da kowa.

Juma'a ta zo.
Suwaiba ta zo ta huɗu cikin takwas,
ta cire abin kunne, ta ce sitiyarin ne bai da kyau,
wai akwai wani a kasuwa, fam tamanin kacal.