Kwalba Ta Bakwai

Ni ne malamin gonar da ya zo a kan babur
shekara goma sha ɗaya da suka wuce,
buhun taki a baya, takarda a aljihu.
Na ce wa Baba Pam, murfin kwalba ɗaya
a gindin kowane kabeji.
Ya ce, in ɗaya ya yi kyau, uku fa?
Muka yi dariya. Ban hana shi ba.

Kabeji ya yi kai kamar tulu,
karas ya fito ja wur,
motocin Farin Gada suna layi tun kafin assalatu.
Baba Pam ya yi rufin kwano,
ya kai Kachollom makarantar kwana.
Har zakara aka yanka mini.

Ashe ruwan sama bai iya karatu ba.
Abin da saiwa ta ƙoshi ta bari
shi yake kwasa, kunya bayan kunya,
ya gangara da shi Dilimi.

Yau na dawo da kwalabe bakwai.
Tsohon ramin kuza ya rufe ido da gansakuka,
tarwaɗa biyu ciki sama,
kwaɗi sun yi gum, su da ba sa barin kowa barci.
Ana cewa kainuwa dashen Allah,
wannan kam na san hannun da ya dasa.
Ladiyo mai wanki ta buɗe mini tafinta,
ya tsage kamar fadama a watan bazara.
Can ƙasa injin ban-ruwa yana tari,
yana mayar da ruwan nan kan latas,
latas ɗin da 'yata ke so da ƙuli.

A ɗakin gwaji, wa zan tarar?
Kachollom, da farar riga,
kuɗin kabeji ya zama tabarau.
Ta ɗaga kwalba ta bakwai saitin taga,
ta rubuta lamba, ta ja mata layi biyu.
Ba ta tambayi wanda ya koya musu ba.
Tana nan tsaye ranar da muka yi dariya.

Da la'asar na koma lambun,
murfi ɗaya tak a aljihuna.
Baba Pam ya shimfiɗa mini buhu,
ya ɗebo ruwa a moɗa, ya miƙo da hannu biyu.
Baƙo ba ya ƙin ruwa.

Har yanzu moɗar tana hannuna.