Ba a Sami Taswira Ba

Ranar Talata, a bakin gadar Mirandela,
da tukwanen gas talatin a bayan motar babana,
na'urar nuna hanya ta ɗauke wuta, ta farfaɗo,
ta nuna tambarinta, ta sake sumewa.
Sau bakwai na ƙirga.
A na takwas ta rubuto: ba a sami taswira ba.

Na ɓanɓaro ta daga gilashi, na hura mata iska,
na danne maɓalli har yatsana ya yi fari,
na tsokani ramin bayanta da tsinken sakace.
Shiru, kamar an shuka dusa.

Amílcar mai gyara, a lungun bayan kasuwa,
ya kwance noti huɗu, ya ɗora tabarau kan tabarau,
ya nuna mini wani baƙin abu, bai kai ƙwayar wake ba.
"Ga ma'ajiyar. Da dalma aka liƙe ta.
Shekara goma sha ɗaya ana rubutu ana gogewa,
zafi ya gasa, sanyi ya daskarar,
ko dutse ne ai ya side.
Taswira mai sauƙi ce, in zuba maka a kati, Yuro ashirin.
Abin da mai ita ya adana da hannunsa kuwa..."
Sai ya buɗe tafinsa, ya hure.

Wuri ɗari da goma sha bakwai.
Custódio, ubana, bai taɓa rubuta adireshi ba,
suna yake raɗa wa kowace ƙofa:
Karnuka Uku.
Kurma, Buga Taga.
Mai Biya da Ƙwai.
Kar Ka Karɓi Giyarsa.
Wata biyar da binne shi, su nake bi,
yatsana kan gurbin da yatsansa ya dusashe.

Har la'asar Amílcar na fama da kwamfuta.
Abu ɗaya ya tsamo, shi ma guntu:
"Matar da ke"
sauran baƙaƙen sun koma tsakuwa.

Laraba na fito da sabon kati.
Kowane titi na nan, fes, da lambarsa,
ba kowa a ciki.
Na hau tudu ta cikin gonakin zaitun,
na sauke gilashi ina kiran gas, gas,
kamar baƙon da ya sauka jiya.
Wani kare ya bi ni. Ɗaya ne. Ban san ko sauran biyun sun mutu ba,
ko ba nan ba ne.

A bayan famfon ƙauye wata tsohuwa ta ɗaga sanda.
Ermelinda, baƙin mayafi, ƙwai goma sha biyu a haɓar zane.
Na ce mata ƙwaƙwalwar na'ura ta lalace, shi ya sa na makara.
Ta yi dariya har ta kama bango.
"Ubanka? Tun da jaki yake bin hanyar nan.
In ta ce dama, sai ya yi hagu don ya ji ta yi mita.
Shekarar da uwarka ta rasu ya saye ta.
Cewa ya yi motar ta yi shiru da yawa,
ba mai ce masa ya ɓata hanya."

Na ɗora mata tukunya, na gwada da kumfa, ba ta yoyo.
Ta kwatanta mini gidan kurman:
bayan coci, taga mai shuɗin fenti, ka buga da ƙarfi.

A shagon kan kwana na sayi littafi da biro.
Yau mako uku, na kai sittin da huɗu.
Matar da ke, har yanzu ban gano ta ba.
Me take yi? Jira? Kuka? Cin bashi?
Wataƙila gas ɗinta ya ƙare tuni.

Ƙwan na kan kujerar gefe cikin hularsa,
ina gangarowa a hankali, giya ta biyu.
Muryar ta ce in juya idan da hali.
Na ƙara mata sauti, na miƙe.