Rimin Ƙasar Ƙanƙara

Ƙirya nake sassaƙa a bayan Ƙofar Gayan,
turmi, taɓarya, ƙotar fartanya.
Shekara talatin ba wanda ya zo mini da labari,
sai dai nawa ne, sai dai a rage.

Ran nan Ladidi ta sauko daga Samaru,
farcenta duk fenti, ta miƙo waya:
Baba Barau, ƙyaure nake so, irin wannan.
Na ƙanƙance ido. Itace ne a jikin itace,
reshe ya shige reshe kamar dagin bangon zaure,
an rasa farkonsa, balle inda ya ƙare.

Na ce, na wane gari ne?
Ta ce, can inda ruwa ke daskarewa a randa,
inda rana kan yi wata biyu ba ta leƙo ba.
Mutanen da na can sun ce
duniya kaf a kan bishiya guda take rataye,
gaggafa a ƙololuwa, maciji a saiwa yana gwaguya,
kurege a tsakani, ya hau ya sauka,
yana kai wa wannan zagin wancan.

Na yi dariya har gizago ya suɓuce.
Ai wannan kuregen na san shi,
gida uku ne tsakaninmu.

Ta ce, akwai kuma tsoho mai ido ɗaya,
ɗayan ya bayar don kurɓi guda a rijiyar sani.
Nan dariya ta ɗauke.
Ubana, Allah ya jiƙansa,
tsinken maɗaci ya tafi da nasa na hagu
ina shekara tara, ina danne masa gungume.
Shi ba a ba shi kurɓin komai ba.
Ya ɗaure da tsumma, ya ƙarasa turmin,
don mai shi ya riga ya biya rabi.

Na ce mata, tsohon nan ba da ni ba,
ba na fito da fuskar da wani ya taɓa durƙusa wa.
Bishiya dai zan yi,
kuma tasu ban taɓa zama a inuwarta ba,
sai ki yi haƙuri da tamu.

Yamma uku na yi gindin rimin da ya rage a bakin ganuwa,
ina kallon yadda ya kafa ƙafafu
kamar dattijon da ya ƙi tashi daga gidan gado.
Na dawo na kwantar da katako.
Damina ta same ni a rassa,
aka fara cin sabuwar masara ina kan ganye.
Macijin na ɓoye shi a cikin dagi,
kuregen ko sai da ya ci mini cizal biyu.

Can ƙasa, inda saiwa ta rabu uku,
na iske kulli a jikin katakon,
baƙi, zagayayye, yana dubana.
Na ɗaga gizago in share shi.
Hannuna ya ƙi sauka.

Da Ladidi ta zo da mai kura
ta durƙusa, ta shafa wurin da yatsa:
Baba, ashe ka sa tsohon.

Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba.
Na lakato man kaɗe,
na goga masa a hankali,
yadda nake yi wa wancan idon da asuba
in ya kwana yana ruwa.