Matakala Ɗari da Sittin da Huɗu

Tsakanin ƙofata da titin bakin teku
matakala ɗari da sittin da huɗu.
Shekara hamsin ina hawa, ban taɓa ƙirgawa ba.
Gwiwar hagu ce ta koya mini lissafi,
shekarar da na daina ɗauko kwandon kifi
daga Caleta Portales zuwa kan dutse.

A Valparaíso gidaje goyon juna suke yi,
wani rawaya, wani shuɗi,
wani gishirin iska ya lashe masa fenti.
Wanda gwiwa ta ƙi a garin nan,
gari ne ya ƙi shi.

Likita Arancibia ya ɗaga hoton ƙashina ga haske.
"Doña Eduvigis, guringuntsi ya suɗe,
ƙashi ke gugar ƙashi.
Amma ban ga gaggawar wuƙa ba."
Ya rubuta ruwan ɗumi da man shafawa,
miƙe ƙafa sau goma a bakin gado,
sanda a hannun dama,
allura guda in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.
Ya ce a rage burodi.
Maganar burodin ce ta fi yi mini zafi.

Ran Laraba aka haifi Amaro.
Kwana da yini Ximena tana naƙuda,
sai da aka jawo shi da abin zuƙa.
Washegari ga ƙullutu a gefen kansa,
luguɓ, kamar ƙwan da kaza ta saka ba ɓawo.
Uban ya fita baranda,
ashana uku ya ƙyasta, taba ba ta kama ba.

Ungozoma Ninfa ta ce jini ne ya kwanta
tsakanin ƙashi da rigar ƙashi,
bai je kusa da ƙwaƙwalwa ba.
"Kada a matsa. Kada a huda. Kada a gasa.
Jiki ya zubar, jiki zai kwashe kayansa."

Ni da hannuna ya saba da cikin kifi,
abin da ya kumbura a tsaga, a wanke, a wuce,
na tura hannun aljihu na danne shi.

Kwana na uku farin idonsa ya juya, shawara ce.
Suka shimfiɗe shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila,
ƙyalle a ido,
sai ka ce masunci na barcin rana a kwale-kwale.
Dare biyu, aka sallamo su.

Daga nan muka zama abokan jinya.
Hantsi ya shigo ta taga, Ximena ta miƙo shi,
ina ɗaga ƙafa, ɗaya, biyu, uku,
shi yana hamma, ko a jikinsa.
Da ido nake auna ƙullutun, yatsa ya sha kashedi.
Mako na uku bakinsa ya yi tauri, tsakiya ta lotsa,
gabana ya faɗi.
Ninfa ta ce a waya, "Hanyar tafiyarsa ke nan."

Bai yi wa kowa ban kwana ba.
Wata Lahadi ina wanke masa kai
na nemi wurin, na rasa ko dama ne ko hagu.

Nawa ba mai tafiya ba ne,
Arancibia bai ɓoye mini ba.
Mun dai yi sulhu, ni da ita:
in ba ta ɗumi da safe, ta ba ni aron yamma.

Jiya keken hawa dutse ya sake lalacewa.
Na ɗau sanda.
Mai ciwo ce gaba wajen sauka,
mai lafiya gaba wajen hawa, haka aka koya mini.
Na sayo kifi biyu wurin ɗan Zoila,
ya rage mini kuɗi don ya ga na dawo.
A ta casa'in na zauna, kusa da koriyar ƙofa,
kyanwar gidan tana shinshinar ledata.
Daga sama na jiyo kukansa, na yunwa ne, na san shi.
Saura saba'in da huɗu.