Ƙugiya

Kwamfutar cinyata, mai nauyin dutsen niƙa,
wadda na saya a Shefil shekarar da Barira ta fara tafiya,
ta sha shayi ranar Laraba.
Ni na zubar, ban ɗora wa kowa ba.
Ta yi tari sau biyu, fuskarta ta yi shuɗi,
ta yi shiru irin na wanda ya gama magana.

Mai gyara, wani Bakurde a bayan tasha,
ya juya ta, ya shinshina,
ya ce kuɗin magani ya fi kuɗin majinyaci.

Sai Barira ta miƙo mini nata,
allon gilashi, siriri kamar faifai.
Ba madannai, ba murfi, ba gurnani.
Na ce, wannan na kallon zane ne, ke yarinya,
ni lissafin adashin mutum goma sha tara ke wuyana.
Ta ce, Baba, gwada.

Yatsun da suka shekara ashirin kan sitiyarin bas
ba su san lallashi ba.
In taɓa bakwai, takwas ta fito.
Na ci Tanimu bashin fam tamanin da bai ci ba,
sai da ya kira ni daga Lidis yana rantsuwa.
In rubuta sannu, ya mayar mini da Turanci,
kamar yaron da aka haifa a nan.

Amma yana shiga aljihun rigar sanyi.
Minti arba'in na hutu a ƙarshen layi,
ruwa na dukan gilashin mota,
na jingina shi da sitiyari
ina rubuta wa Yaya Shekarau wasiƙa zuwa Gumel.

Nan yatsana ya yi nawa a kan k.
Gajiya ce kawai, ban ɗaga da wuri ba.
Sai ga wata ta leƙo daga samanta
da 'yar ƙugiya a ka,
kamar ɗan'uwa ya ɗaga maka hannu a filin jirgi.

Na danne d. Na danne b.
Duk suna nan. Ashe suna ciki, suna jira.

Shekara goma sha shida tsohuwar ta hana ni su.
In ce ƙura ta lafa, Yaya ya karanta kura.
In ce ina kewar ƙasa,
takarda ta ce kasa,
kuma wani daren na kan yarda da takardar.

Fasinja ya ƙwanƙwasa ƙofa, lokaci ya yi.
Na ce masa minti ɗaya.
Na goge layin farko, na sake shi a hankali,
ina danna kowace ina jira ta fito:
ƙasa, ƙanne, ɗaki, ƙofar gidanmu.

Adashin har yau a takarda nake yin sa.
Wuyana na ciwo.
Barira ta ce yaushe zan mayar mata da abinta.