Kwalin da Ya Iso Auyo

Ranar kasuwa ya iso,
a bayan babur, ɗaure da roba,
kusurwa ɗaya ta sha ruwan Agusta.

A ciki, katunan haruffa arba'in da shida,
uku sun manne da juna;
taswirar Japan, lanƙwashe kamar busasshiyar tarwaɗa;
tsinkayen cin abinci guda goma.
Mu sittin da ɗaya ne a aji.

Haladu ya feƙe karan dawa ya raba.
Gyaɗa ta yi ta tsere mana.

Na zana harafin gona a allo,
murabba'i, an tsaga shi huɗu.
Kubura ta ɗaga hannu:
"Malam, ai fangalin shinkafar babana ne."
Me zan gyara mata?

Na ce a can, kogi kawa ne.
'Yan mata suka dubi juna, suka tuntsire.
Lema kuwa kasa.
"To su me suke takawa?"

Takarda mai launi ta ƙare tun Talata.
Da tsoffin takardun jarrabawa
muka naɗa gauraki.
Ɗaya na bakin tagata har yau,
da jan sifiri a fiffikensa.