Tabarau Biyu a Mai Wurno

A kasuwar Sinnar, bayan masu gyaran rediyo,
Ɗayyib ya baza tabarau a kan kwali
kamar kifin da aka shanya.
Duk baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya.
Na taɓa ɗaya, ya faɗi kuɗi.
Na taɓa na gefensa, ya ninka sau huɗu.
Na ce, Ɗayyib, shi wannan da ruwan zinariya aka wanke shi?

Bai ji haushi ba. Ya ce, miƙo wayarka.
Ya ɗora mai arahar a fuskarta, ya juya, ya juya,
lambobi na nan, sun dai sha hayaƙi.
Ya ɗora mai tsadar, ya karkata shi a hankali,
sai wayar ta mutu a hannunsa.
Ya maido shi, ta farfaɗo.

Ya ce, wancan labule ne,
rana yake ragewa, mai amfani da mai cuta duka.
Wannan kuwa mai gadin ƙofa ne,
kowane haske sai ya tambaye shi daga ina.
Wanda ya zo a tsaye, bismilla.
Wanda ya faɗa ruwa ya taso a kwance,
ya jira a waje.

Na sayi duka biyun.
Kuɗin ɗinkin taru ke nan suka tafi.

Washegari da hantsi, a tsakiyar Shuɗin Nil,
na fara sa mai arahar.
Goshina ya saki, amma kogi bai saki ba,
yana nan, farantin tasa da aka goge da toka,
yana soka mini allura ta cikin duhu.
Na sauya.

Wayyo.
Kogi ya tuɓe riga.
Ga karfasa uku a ƙarƙashin saiwa suna kaɗa fiffike,
ga bayan yashi ya ɗago kamar raƙumi a durƙushe,
ga buta, ban san ta wa ba, cike da laka,
ga igiyar da muka yi rantsuwa bara an sace mana.
Shekara ashirin ina tuƙi a kan rufin ɗaki
ban taɓa leƙa ciki ba.

Na miƙa wa Baba Haladu.
Idanunsa sun daɗe da zama tsaga biyu jajaye,
rana ta ci rabonta a cikinsu.
Ya sa. Ya yi shiru.
Ya dubi gabas, ya dubi inda ruwa ke karyawa,
sai ya cire, ya goge shi da bakin riga kamar kayan aro.

Ya ce, ka toshe wa kogi baki.
Wannan ƙyallin da ka saya aka kashe,
da shi yake mini magana.
In ya tsage biyu, kututture ne a ƙasa.
In ya kwanta luf kamar an zuba mai, gurbi ne, kauce.
In ya yi ɗan kibiya yana tafe ba iska,
janye hannunka daga ruwa.
Kai kana ganin abin da ke ƙarƙashinmu.
Ni na can gaba nake karantawa.

Ban ba shi amsa ba,
don lokacin wata tarwaɗa ta gifta, mai kaurin cinya,
ni kaɗai na gan ta.

Mai arahar yana wurin Kulu yanzu,
tana sawa in tana jiran motar Madani, kuma ya ishe ta.
Nawa na ɗaura masa zare.
Ina goshin kwalekwale, Baba na baya yana ƙanƙance ido.
Ya ce hagu, in yi hagu.
In ce jefa, wani lokacin ya jefa.